Murjanin da na gani a Zanzibar ba ja ba ne

A ƙuryar ɗakin mahaifiyata akwai wani tsohon adudu da ba a buɗe shi sai da dalili. Can ƙasansa, a ƙulle cikin tsumma, akwai murjani zare biyu, ja wur kamar garwashi, wanda ta gada daga tata uwar. Ranar biki kaɗai yake ganin rana. Tun ina yaro in aka ce murjani, shi nake gani. Ko da na ji malamai a tafsirin azumi suna fassara ayar Suratur Rahman cewa lu'ulu'u da murjani daga teku suke fitowa, abin da zuciyata ta zana mini shi ne duwatsun wuya a zube a ƙasan ruwa, kowanne da hudarsa, sai dai a tsinto a zura zare.

Wani taro ne ya kai ni Dar es Salaam ta ƙasar Tanzaniya a watan Oktoba. Da aka tashi, kwana huɗu suka rage mini kafin jirgin komawa, sai wani abokin aiki ɗan ƙasar ya ce abin kunya ne mutum ya zo har nan bai tsallaka Zanzibar ba. Na ce masa ni da ruwa ba ma ga maciji. A unguwarmu, yaron da aka kama ya shiga kududdufi ya san abin da zai tarar a gida, kuma ni na tarar da shi sau ɗaya, ban sake ba. Na girma, na yi furfura, ban iya ruwa ba. Ya yi dariya, ya saya mini tikiti.

Jirgin ruwan ya yi kamar awa biyu a hanya, rabinsu na yi su kaina a sunkuye cikin leda. Kafin a bar baƙo ya shiga tsibirin sai ya nuna takardar inshora ta dala 44, wadda gwamnatin Zanzibar ta wajabta tun Oktoban 2024, kuma sai an sake duba fasfo duk da cewa ƙasa ɗaya ce. Tun haɗewarsu da Tanganyika a 1964 tsibiran suke riƙe da shugabansu da majalisarsu, kuma ba sa so ka manta.

Tsohon garin, wanda suke kira Mji Mkongwe, yini ɗaya na yi masa. Lunguna ne matsattsu irin na cikin birni, ƙofofi na katako da aka sassaƙa, ƙamshin kanumfari da gahawa, yara da allunan karatu, babura na kutsawa ta inda ko jaki zai yi tunani. Abin da ya tsayar da ni wani bango ne da shafensa ya ɓare. Dutsen da ke ciki ba irin namu ba ne: fari-fari ne, duk ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, in ka kankara da farce sai ya yi gari. Na tambayi dattijon da ke zaune a dakalin gidan. Ya ce matumbawe. Da ya ga ban gane ba, ya koma Larabci: marjan. Wai garin nan kusan gaba ɗaya da murjani aka gina shi, a haƙo shi a yi gini da shi, a ƙona wani a samu farar ƙasar da za a haɗa ginin. Na kalli bangon, na tuna adudun Hajiya, na ce a raina ko dai tsohon nan wasa yake da hankalina.

Da la'asar mota ta ɗauke ni zuwa Matemwe, wani ƙauyen masunta a arewa maso gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai. Masaukin ɗakuna ne masu rufin ganyen kwakwa, a jere suna kallon teku. Ban san rairayi na iya yin fari haka ba. Ba farin yashin rafi ba, fari irin na garin rogo, mai laushi, kuma ko da rana tsaka ba ya ƙona ƙafa kamar namu. Da na shimfiɗa darduma zan yi magariba, na juya gabas kamar yadda jikina ya saba tun ina ɗan shekara bakwai, sai yaron da ya kawo mini jaka ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. "Maalim," in ji shi, ya nuna hagu. Makka tana arewa ne sak daga nan. Na juya, amma har na sallame ji nake kamar na sa riga a bai-bai.

Wannan "Maalim" ɗin ya yi mini daɗi, don kusan Malam ɗinmu ne. Haka na dinga tsintar kalmomi a bakinsu kamar mai tsintar 'yan uwa a tasha: sabuni, dakika, asubuhi, Alhamisi, Ijumaa, habari. Larabci ya shigo mana ta hamada, su ya shigo musu ta ruwa. Amma a lissafin lokaci suka kusa kayar da ni. Na shirya da wani matuƙin jirgi, su nahodha suke cewa, zai kai ni tsibirin Mnemba jibi. Ya ce mu haɗu "saa mbili", ya ɗaga yatsu biyu. Na ce ƙarfe biyu na rana, zafi bai yi yawa ba? Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe shi ne ɗayansu, don haka biyunsa takwas na safe ne.

Washegari da na fito bayan asuba sai na tarar an sace tekun. Jiya da daddare ruwa na dukan gindin matakalar masauki, yau ya janye ya tafi can nesa, kusan inda ido ke ƙarewa, wajen wani farin layi da igiyar ruwa ke fashewa. Tsakanina da layin fili ne fetal, da 'yan tafkuna da ba su wuce idon sawu ba, ƙananan kwale-kwalensu masu fikafikan katako, ngalawa, suna kwance a kan yashi kamar an yi fushi da su. Sau biyu ruwan ke tafiya ya dawo a kwana ɗaya, kuma wata ne ke jansa: in wata ya tsaya ko ya cika, tafiyar ta fi nisa, dawowar ta fi ƙarfi. Kowa a ƙauyen da wannan yake tsara yininsa, kamar yadda manomi ke kallon hadari.

Mata ne suka cika filin. Suna zaune cikin ruwa har ƙugu, da zannuwansu na kanga da lulluɓinsu, gaban kowacce layuka na turaku da igiya, suna ɗaure wata ciyawar teku da suke kira mwani. Noma ne sosai, a cikin ruwa. Daga Filifin aka kawo irin a ƙarshen shekarun 1980. Bayan kamar mako shida a girbe, a shanya, a sayar wa dillalai, a fitar da shi waje a tatsi wani abu mai kauri da ake sa wa a man goge baki da askirim. Wata dattijuwa da na gaisar ta ɗago wani reshe ta nuna mini inda ya yi fari ya ruɓe. Ta sa tafin hannu a ruwan, ta yarfe kamar ta taɓa tukunya. Ban buƙaci tafinta ba: ruwa ya yi ɗumi, amfanin gona na lalacewa.

A wannan yawon na tsinci wuri. Na ɗaga wani ɗan dutse sai ga shi a manne a ƙasa, fari mai zoben rawaya a gadon bayansa. Na ɗauka na juya, ga bakin nan mai haƙora da kowane Bahaushe ya sani. Sai na ji yana motsi, wani nama mai laushi yana janyewa ciki. Wallahi ban taɓa kawowa a raina cewa wuri gidan wata halitta ba ne. Mu da har gobe muke cewa an biya kuɗi wuri na gugar wuri, mu da kakanninmu ke ƙirga shi keso-keso, dubu ashirin a kowane keso. Da farko daga tsibiran Maldibis ake kawo shi. A shekarun 1840 'yan kasuwar Jamus suka gano wannan mai zoben a gaɓar Zanzibar da arha, suka dinga lodinsa a jirage zuwa Legas da Wida ta ƙasar Benin ta yau, har ya yi yawan da darajarsa ta zube. Wato wata tsadar rayuwa da aka yi kuka da ita a kasuwar Kurmi kafin zuwan Turawa, tushenta na nan ƙarƙashin dutsen da na ɗaga. Na mayar da shi inda na same shi, na rufe.

Ranar Mnemba na zo bakin ruwa tun bakwai da rabi. Nahodha mutum ne siriri, baƙi, mai 'yar furfura a gemu, ba ya son yawan magana. Da Turancinsa kaɗan da Larabcina kaɗan muka yi ta lallaɓawa. Mu shida ne a jirgin ban da shi: wasu Italiyawa mata da miji, 'yan mata biyu daga Nairobi, ni, da yaron jirgi. Tsibirin ƙarami ne ƙwarai, kilomita kaɗan daga gaɓa, farin yashi da 'yan itatuwa. Ba a sauka a kansa, masauki ne na masu hannu da shuni, sai dai ka kalla daga ruwa. Ba shi muka zo gani ba ma. Ruwan da ke kewaye da shi ne, wanda launinsa ya kasu kamar an ja layi: kore-kore mai haske a kan yashi, sannan shuɗi mai duhu kamar baba a inda zurfi ya fara.

Aka raba kaya. Gilashi mai rufe ido da hanci, bututun roba da ake cizawa a baki ɗaya bakin yana sama don numfashi, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Yaron jirgi ya tofa yawu a gilashina, ya goge da yatsa, ya ɗauraye a teku, ya miƙo mini. Na ɓata rai. Ashe maganin hazo ne, kowa haka yake yi. Italiyawan tuni sun faɗa. 'Yan matan Nairobi suka bi su da ihu. Ni na zauna da rigar ceto ruwan lemo a kan doguwar rigata, na riƙe gefen jirgi kamar za a ƙwace.

"Maalim, pole pole," in ji nahodha. Ya jefa wata taya mai igiya a ruwa, ya sauka, ya ce in riƙe tayar kawai, shi zai ja. In kwanta rub da ciki, in saki jiki, in yi numfashi ta baki. Na karanta duk abin da ya zo bakina, na sauka ta tsani. Ruwan ba sanyi. Minti na farko ban ga komai ba sai tsoro: ƙarar numfashina a cikin bututu kamar na mai asma, gishiri a maƙogwaro, ƙafafuna na neman ƙasa babu. Sai ya dafa ƙeyata a hankali ya tura fuskata cikin ruwa.

Gari ne a ƙasa. Ban da wata kalmar da ta fi wannan. Daga sama ba ka ganin komai sai ruwa, amma kamu ɗaya ƙasa da fuskarka ga unguwanni, ga lunguna, ga masu kai da kawo. Wani murjanin ya yi rassa kamar ƙahon barewa, wani ya baje kamar faifai, wani dunƙulalle kamar rumbu, da zane a jikinsa irin na ƙwaƙwalwar rago. Na dinga neman ja, ban gani ba. Ruwan ƙasa ne, da ruwan zuma, da kore mai duhu, wasu rassan da ɗan shuɗi ko ruwan hoda a kan tsininsu. Kifaye ne suka kwashe launin duka. Wasu masu ratsin baƙi da fari suka zo har gaban gilashina suna leƙena, ba ko kunya. Wasu rawaya, faɗi-faɗi kamar ganye, suna tafiya biyu-biyu. Wani ɗan ƙarami ruwan lemo mai farin ɗamara yana zaune cikin wata halitta mai yatsu masu harbi, ya fito ya yi mini barazana ya koma, shi a dole mai gida.

Da numfashina ya daidaita sai na fara ji. Ashe ƙarƙashin ruwa ba shiru ba ne, ƙara ce ƙas-ƙas-ƙas ba tsayawa, kamar ana toya gyaɗa a nesa. Nahodha ya nuna mini wani babban kifi kore da shuɗi, mai baki sak na aku. Ya kafa bakin a jikin dutse ya gatsa, na ji gatsar a kunnena. Ya yi gaba kaɗan, sai ya saki wani farin gari ta baya, ya bazu a ruwa. Daga baya na fahimci abin da na gani: kifin na kankare gansakukar da ke kan murjani ne, ya haɗiye har da dutsen, ya niƙe, ya fitar. Kaso mai yawa na farin rairayin da nake ta yabo, har na cika aljihu da shi, ta wannan hanyar ya fito. Na zazzage aljihuna da yamma.

Shi kansa murjanin dabba ne, ko in ce dabbobi. 'Yan mitsi-mitsin halittu ne dubbai, kowace da bakinta da 'yan yatsunta, kowace na gina wa kanta ɗaki na farar ƙasa, 'ya'ya su yi gini a kan na iyaye, har a samu tudun da ke fasa igiyar ruwa tun daga nesa. Farin layin da na hango daga masauki ke nan, kuma shi ya sa ruwan bakin gaɓa yake kwance lumui. A cikin naman kowace akwai wasu ƙwayoyin tsiro da ido ba ya gani, su ke sarrafa hasken rana su ciyar da ita, su ke ba ta launi. In ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri ɗaya kacal na wasu makonni, sai ta kori baƙin nata, ta koma fari fat, in abin ya daɗe yunwa ta kashe ta. Haka ya faru a 1998, lokacin da ɗumin ruwa ya halaka murjani mai ɗimbin yawa a tekun Indiya, ya kuma maimaita a 2016. Na tuna hannun dattijuwar mai mwani. Shi kuwa jan da ke adudun Hajiya wani dangi ne daban, wanda aka fi cirowa daga zurfin Bahar Rum, ba ya gina tudu irin wannan.

To, a nan na yi abin da har yanzu nake jin nauyinsa. Daɗi ya ɗebe ni na saki tayar. Ruwa ya shiga bututun, na shaƙa, na ƙware, hankalina ya tashi. Ƙafata ta taɓo wani abu mai tauri, ni kuwa na taka da duk ƙarfina na miƙe tsaye. Na ji ya karye ƙarƙashina, ɓaras, kamar busasshen kara. Nahodha ya iso ya tura mini tayar. Bai yi faɗa ba. Ya nutsa, ya ɗauko reshen da na karya, tsawonsa ya kai taƙi ɗaya, ya nuna mini farin cikinsa, ya ɗaga yatsu biyu. Wannan karon ba awa yake nufi ba, shekara. Masu rassa su ne masu saurin girma, kamar santimita 10 a shekara. Dunƙulallun nan kuwa da ƙyar suke ƙara santimita ɗaya. Ya koma ƙasa ya soke reshen a wani tsagi, ko Allah zai sa ya kama. Ƙwaurina ya yanke, kuma yankan murjani ba ya warkewa da wuri, sai da ya yi mini sati biyu yana ruwa.

Da na hau jirgi na zauna, sai na lura da abin da tsoro ya hana ni gani da farko. Jirage sun kewaye wurin kamar tashar mota ranar kasuwa. Wani yana watsa wa kifi burodi don baƙinsa su samu hoto. Wasu jiragen sun hango dolfin, manyan dabbobin teku masu kama da kifi, suka bi su a guje da inji, mutane na faɗawa ruwa a kansu. A gefen da aka fi cunkoso, da na sake leƙawa daga tsani, ƙasan duk karyayyun rassa ne masu launin toka, kamar kangon da aka rushe. Na so in yi tsaki, sai na tuna wanda ya karya na ƙarshe. Kuma ba zan ga laifin masu jiragen ba kai tsaye, kamun kifi ya ja baya, baƙi ne abincinsu. Nahodha ya ce in ina son ganin yadda wurin nan yake lokacin yana yaro, in je Chumbe, wani ɗan tsibiri kudu da birni da aka hana kamun kifi a gefensa tun 1994, kuma ake ƙayyade masu shiga. Na tambayi kuɗin zuwa, na ce sai wani jiƙon.

A hanyar dawowa aka yanka mana abarba da kankana. Lokacin azahar ya yi muna bakin gaɓar Muyuni, nahodha ya ɗaure jirgi, muka yi alwala da ruwan teku, ya ja mu salla a kan yashi ni da yaronsa, muna kallon arewa, rigata na ɗiga.

Ranar ƙarshe na leƙa Nungwi, can ƙarshen arewa, inda ruwa ba ya janyewa sosai kuma otal-otal suka yi wa gaɓa ƙawanya. Kiɗa, shagunan tsaraba, samari na binka da "hakuna matata", kalmar da ban ji wani ɗan gari ya faɗa wa ɗan uwansa ba, su "hamna shida" suke cewa. Ban daɗe ba. Abin da ya burge ni a can masu sassaƙa jirage ne a ƙarƙashin inuwa, da gizago da igiya, ba takarda ba zane, suna cusa auduga a tsakanin katako. Wani yaro ya biyo ni da tire cike da wuri da katantanwa da gutsattsarin farin murjani. Na ce masa a'a, ya rage kuɗi, na sake cewa a'a, ya bi ni da kallon wanda ya haɗu da marowaci.

Tsarabar da na kawo wa Hajiya kanumfari ce da kirfa daga kasuwar Darajani. Ta shinshina, ta sa albarka, ta ce in ba ta labari. Na ce mata na ga inda murjani yake fitowa, da idona, kuma yana da rai, har baki gare shi. Ta dube ni, ta dubi tabon ƙwaurina.

"Kai da ko kududdufi ba ka iya ba, uban me ya kai ka cikin teku?"

Ta aiki jikarta ta ɗauko adudun. Ta kwance tsumman, ta ɗaga zaren a hasken taga, ta juya shi, ta miƙo mini. "To nuna mini bakin."